Dorina a Kujerar Likitan Haƙori

A bakin kogin da ya raba garin gida biyu akwai wani jirgin fito mai farin fenti, wanda ke kwasar mutane da babura da buhuna daga wannan gaɓa zuwa waccan. Matuƙinsa wani ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji da gajeren wuya, kowa Dorina yake ce masa. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da yakan nutse ƙarƙashin jirgi don ya kwance ciyawar da ta nannaɗe farfela. Sai ya daɗe har hankalin fasinjoji ya fara tashi, can a hango hancinsa ya ɓullo nesa yana huci. Yanzu furfura ta cinye gemunsa, 'ya'yansa sun girma sun watse, amma sunan na nan.

Bai san wani aiki ba sai wannan. Ya fara da wanke daɓen jirgi, ya koma zuba mai da duba inji, daga baya aka danƙa masa sitiyari. Lokacin da ya fi so shi ne fiton farko na safiya, sa'ad da tururi ke kwance a kan ruwa kamar an baza auduga, gaɓar can ta ɓace, ta nan ma ta ɓace, jirgi ya zama kamar yana rataye tsakanin sama da ƙasa. Fasinjoji na gyangyaɗi a kan benci, wata mata na rungume da kwandon furanni, agwagin ruwa na tashi a gabansu ba sauti. Shi kuwa yana tsaye ba takalmi, yana jin rawar inji a tafin ƙafarsa. Guguwa ta sha tare shi a tsakiyar kogi, inji ya sha mutuwa a hannunsa, ba wanda ya taɓa ganin hannunsa ya yi rawa.

Abu guda ne mutane suka lura da shi: ba ya buɗe baki sosai. In zai yi dariya sai ya kawo tafin hannu ya rufe. Tsohon da ke ɗaure jirgi a gaɓa, wanda ake kira Mai Igiya, abokin tsokanarsa ne na shekaru, yakan ce wa fasinjoji, "Kowace dorina a duniya tana hamma, ban da tamu. Tamu mai kunya ce."

Ba kunya ba ce. Akwai wani haƙorin matauni can ciki a gefen hagu da ya yi kogo tun shekarun baya, Dorina yana lallaɓa shi kamar yadda ake lallaɓa maƙwabci mai faɗa. Ya daina tauna ta wannan gefe. Ruwan sanyi sai ya karkata kai kafin ya haɗiye. Aljihunsa ba ya rabuwa da kanumfari da ƙwayoyin kashe zafi. Matarsa, wadda ke ɗinkin labule a wani ɗan shago kusa da gidansu, ta yi magana har ta gaji.

"Maigida, asibitin nan fa ba ya cizo."

"Ya lafa, Maman yara. Ai jiya ma ban ji shi ba."

"Jiya da ka wuni kana riƙe da kunci kamar mai sauraron rediyo?"

Sai ya kama gyaran wani abu da bai lalace ba.

Aka kai wata damina da haƙorin ya ƙi lallashi. Kuncin ya kumbura har idon hagu ya ƙanƙance. Rawar injin da yake so a da ta zama abokiyar gaba, don tana hawa daga ƙafarsa ta bi ƙashin baya ta je ta tsaya daidai kan haƙorin tana bugawa. Wata safiya ya kawo jirgi gaɓa a karkace, gefensa ya gogi katakon matsaya. Ba wanda ya ji rauni, amma Mai Igiya ya dube shi, bai yi tsokana ba. Ya ɗaure igiya, ya ce a hankali, "Je ka gida, ɗan'uwa. Rayukan mutane ne a hannunka."

Washegari matarsa ta rufe shago ta tisa shi gaba.

Asibitin haƙorin yana hawa na sama a wani gini mai shagon tabarau a ƙasa. Tun daga matakala warin wurin ya tarye shi, wani wari mai sanyi mai kaifi, ya ji miyau ya ƙafe a bakinsa. A ɗakin jira akwai kujeru jere da bango, da tukunyar fure, da wani akwatin gilashi mai ruwa, jajayen kifaye na yawo a ciki. Daga bayan ƙofa wani ɗan inji yana kuka siriri kamar sauro ya shiga kunne. Dorina ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa. Tafin hannunsa ya jiƙe, yatsunsa suka yi sanyi kamar ya tsoma su a kogi da asuba. Rigarsa ta manne masa a baya.

Nas ta kira shi, ta naɗa masa abin awon jini a damtse. Ta duba, ta sake hurawa, ta sake dubawa.

"Baba, kana da hawan jini ne?"

"Ba ni da shi, 'yata."

"To yau kam ya hau."

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ƙarama, mai magana a hankali daga bayan takunkumi. Ta kwantar da kujerar, fitila ta sauko kan fuskarsa. Ya damƙe hannun kujera. Da ƙyar ya buɗe baki, muƙamuƙinsa ya sandare kamar ƙofar da tsatsa ta ci. Ta duba, ta ce haƙorin ya wuce cikewa, sai dai a cire. Ta yi masa allurar kashe zafi a dasashi, suka jira. Leɓensa ya yi nauyi, harshensa ya yi kauri, amma da ta taɓa haƙorin da ƙarfe sai ya zabura, ƙafarsa ta doki teburin kayan aiki. Ta ƙara wata allurar. Suka sake jira. Zuciyarsa tana dukan ƙirji har yana jin ta a kunne, numfashinsa ya koma sama-sama. Ta sake taɓawa, ya sake jin abin ya ratsa shi har tsakiyar kai. Daga nan fitilar ta fara nisa, gefen idonsa ya yi duhu, ya ji muryar likitar kamar daga wata gaɓa tana cewa a ɗaga masa ƙafafu.

Da ya dawo hayyacinsa akwai jiƙaƙƙen tawul a goshinsa. Likitar ta cire safar hannu, ta sauke takunkumi.

"Yau ba za mu cire ba," in ji ta. "Akwai mugunya a ƙarƙashinsa, ita ma tana hana allura kamawa. Zan ba ka maganin da zai sauke kumburin. Amma ba ita kaɗai ba ce, Baba. In ka dawo, magana kawai za mu yi. Ba zan taɓa bakinka ba."

Ya koma gida a sanyaye. Ba a cire komai ba, amma jikinsa ya yi tsami kamar wanda ya wuni yana dako. Wuya, kafaɗu, cinyoyi, ko'ina ciwo. Muƙamuƙin da ya yi ta datsewa ya fi haƙorin ma damunsa. Ya riƙa afa ƙwayar kashe zafi tun lokacinta bai yi ba, har cikinsa ya fara ƙuna. Matarsa ta kwashe ƙwayoyin ta ɓoye a cikin gwangwanin maɓallai, ta aika aka kira yayarsa.

Yayar tasa tsohuwa ce siririya da ke zaune a gidan ɗanta a hayin kogi. Ita ta goya shi yana jinjiri, don haka ita kaɗai ce a duniya ke kallonsa ta ga ƙaramin yaro. Ta shigo ta same shi kwance a tsakar ɗaki yana kallon rufi, labulen taga na kaɗawa, inuwar ganye na yawo a bango.

"Ƙanena, ka gaya wa likitar abin da ya faru?"

"Me ya faru, Yaya?"

"Kar ka mai da ni baƙuwa. Ina tsaye a bakin ƙofar ranar."

Matarsa ta dubi wannan ta dubi wancan. Duk tsawon zamansu ba ta taɓa jin labarin ba.

"Abin yarinta ne," in ji shi. "Ya wuce."

"Kai ka ce ya wuce. Jikinka bai ce ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gobe tare za mu tafi."

Haka aka yi, su uku suka tafi har da matarsa. Likitar ba ta kai su ɗakin kujerar ba. Ta zaunar da su a ofishinta, inda taga ke buɗe kan rufin gidaje, can ƙarshe ana hango kogi kamar zaren azurfa. Dorina ya kafa wa kogin ido, yana kallonsa ya ba da labarin, Yaya na cike masa inda ya tsallake.

Yana ɗan yaro, haƙorinsa ya ruɓe, kawunsu ya kai shi wani ɗakin magani. Mutumin da ke wurin yana sauri, layi ya yi tsawo. Ya yi allura, bai jira ta kama ba, ya sa ƙarfe. Yaron ya ce yana jin zafi. Aka ce ƙarya yake, ai an yi masa allura. Kawu ya danne masa kafaɗu, wani ya riƙe ƙafafu, aka ce namiji ba ya kuka. Haƙorin ya karye, aka yi ta tono. Abin da ya fi tunawa ba zafin ba ne, wani tabon ruwa ne a rufin ɗakin, mai siffar kan doki, wanda ya yi ta kallo har aka gama.

A nan ya tsayar da labarin. Ko a yanzu da yake faɗa, gumi ya tsatso masa a goshi.

"Ka ga," in ji likitar, "ko ƙarfe babu a ɗakin nan, amma dubi hannunka." Ya duba, ya ga ya dunƙule. "Tsoro ba a zuciya kaɗai yake zama ba. In ya zo, jiki yakan ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu. Zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, tsoka ta ɗaure, baki ya bushe. A wannan hali jiki yana kasa kunne ga kowane ɗan motsi, har dannawa ma sai ya ji ta kamar yanka. Shi ya sa mai tsoro yakan bukaci allura fiye da wanda hankalinsa ke kwance, bayan an gama kuma ya fi shan maganin zafi. Ba ragwanci ba ne, kuma ba ƙarya kake ba. Zafin da ka ji, ka ji shi."

Dorina ya juyo daga taga ya dube ta. Wannan magana ta ƙarshe, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa gaya masa ita.

Suka yi yarjejeniya. Zai zo da sassafe, kafin a fara tara mutane, don kada ya zauna yana sauraron inji. Za ta ba shi wata ƙaramar ƙwaya mai kwantar da hankali ya sha kafin a fara, saboda haka ba zai tuƙa jirgi ranar ba, kuma sai da mai raka shi gida. Za ta gaya masa duk abin da za ta yi kafin ta yi. In ya ɗaga hannun hagu, za ta tsaya, ko tana tsakiyar aiki.

"Ko da ban da dalili?" ya tambaya.

"Ko da ba ka da dalili."

Kafin su tafi ta ce ya je ya zauna a kujerar, a zaune kawai, ba kwantarwa. Ya zauna. Ta koya masa ya ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ya sake shi a hankali kamar mai hura shayi. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, wannan karon ƙofar a buɗe.

"Ashe kujerar ma tana da laushi," in ji shi.

"Ka sayo mana irinta," in ji matarsa, "ko ka riƙa zama a gida."

Ranar da aka sa, kumburin ya sauka. An yi yayyafi da asuba, titi na sheƙi, shagon tabarau bai buɗe ba tukuna. Ya sha ƙwayar a ɗakin jira, ya zauna yana kallon jajayen kifayen nan. Da farko zuciyarsa na bugawa kamar kullum. Sannu a hankali sai kifayen suka rage sauri, wutsiyoyinsu na kaɗawa kamar mayafi a iska. Kafaɗunsa suka sauko daga inda suka maƙale kusa da kunnuwa. Tsoron bai tafi ba, amma ya ja da baya ya zauna a kujerar da ke nesa, kamar wani fasinja da bai san shi ba.

Nas ta auna jini, ta gyaɗa kai. Aka kwantar da kujera. Matarsa ta zauna a gefen ƙafafunsa ta ɗora hannu a idon sawunsa, ba riƙewa ba, ɗorawa kawai.

"Zan shafa wani abu a dasashi, zai yi ɗaci kaɗan," in ji likitar. "Yanzu allura. Za ka ji kamar an tsungule ka. Ja numfashi."

Ya ja. Ya ji tsinin, ya ji sanyi na bazuwa a kuncinsa kamar ruwa na shiga yashi. Ta jira, ba ta yi sauri ba. Da ta taɓa haƙorin, ya ɗaga hannun hagu. Nan take ta janye hannuwanta duka biyu ta ɗaga su sama inda zai gani.

"Zafi ne ko nauyi?"

Ya tsaya ya saurari bakinsa. Bai taɓa sanin akwai bambanci ba. "Akwai ɗan zafi, daga ciki."

"To, zan ƙara kaɗan a wajen."

Ta ƙara, suka jira. Da ta sake taɓawa, nauyi ne kawai. Bayan ɗan lokaci ya sake ɗaga hannu, ba don komai ba, don ya ga ko za ta tsaya. Ta tsaya. Ya sauke hannun, ya lumshe ido.

Daga nan abubuwa suka narke. Hasken fitila ta cikin fatar idonsa ya zama ja-ja kamar rana na shirin fitowa. Kujerar ta fara lilo a hankali, ya ji kamar yana kwance rigingine a daɓen jirgi, wani ne ke tuƙi, shi fasinja ne karon farko a rayuwarsa. Ɗan bututun da ke zuƙe miyau yana gurguri kamar ruwa a gindin matsaya. Ya ga rufin gidajen garin suna wucewa a ƙarƙashinsa, da shanyar kaya, da wata akuya a kan katanga. Ya ga mahaifiyarsu, wadda ta daɗe da rasuwa, tana wanki a kan dutse, ta ɗago ta dube shi ba mamaki, ta ci gaba da wankinta. Can nesa wani yana girgiza wani turke da ya daɗe a cikin laka, yana kai shi gaba yana dawo da shi baya, a hankali, da haƙuri. Ya ji tausayin mutumin, ya so ya tashi ya taya shi, amma jikinsa ya yi daɗin kwanciya. Muryar likita na zuwa tana komawa: "Za ka ji nauyi yanzu. Za ka ji ƙara kaɗan, ba komai. Numfashi, Baba." Turken ya yi wata 'yar ƙara, lakar ta sake shi.

"Ciji wannan audugar," in ji ta. "Mun gama."

Ya buɗe ido. Bai yarda ba sai da ta nuna masa haƙorin a cikin ɗan faranti, baƙi, mai karkatattun saiwoyi. Ya daɗe yana kallonsa. Ɗan wannan abu, ko kan ɗan yatsansa bai kai ba. Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, bai san dalilinsu ba. Matarsa ta sa gefen mayafi ta share.

Suka sauko matakala tana riƙe da gwiwar hannunsa. A titi komai ya yi masa sabo: mai shara na tura ruwan sama da tsintsiya, wata yarinya na tsallake kududdufi, ƙanshin burodi daga wani lungu. Ya so ya yi magana, leɓen ya ƙi, abin da ya fito ba shi da kai ba shi da gindi.

"Yi shiru abinka," in ji matarsa. "Yau na samu ranar da zan yi magana ba mai ce min ya lafa."

Da allurar ta sake shi da rana, wurin ya yi zugi, ya sha ƙwaya yadda aka ce. Ya jira irin tsamin jikin nan na wancan karo, bai zo ba. Kwana kaɗan matarsa ta lura ita ke tuna masa da maganin, shi ya manta. Yaya ta koma hayi, tana cewa dama ita ta san ƙanenta jarumi ne, tsoron kujera kawai yake.

Tsoron bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Akwai wani haƙorin da ke bukatar cikewa, ranar da ya koma dominsa tafin hannunsa ya sake jiƙewa tun daga matakala. Amma ya hau da ƙafarsa, ya gaya wa nas da bakinsa cewa shi mai tsoro ne, a yi masa a hankali. Wannan karon ba a ba shi ƙwayar kwantar da hankali ba, allura ɗaya kuma ta isa.

Ranar da ya koma aiki, bayan fiton hantsi, aka ɗaure jirgi a gaɓar can don hutun rana. Akwai wata babbar bishiya a wurin, ƙarƙashinta benci. Dorina ya ce bari ya ɗan miƙe baya. Ya kwanta ta gefen hagu, gefen da ya yi shekaru bai ɗora a kan komai ba, ya tura harshe cikin gurbin da ya fara warkewa, mai laushi kamar bakin jariri. Ganye na motsi a samansa, wata tattabara na kuka a reshe. Barci ya ɗauke shi.

Lokacin tashi ya yi, fasinjoji suka fara taruwa. Wani mai babur ya nufi bencin zai tashe shi, Mai Igiya ya tare shi da hannu.

"Bar shi kaɗan," in ji tsohon. "Kogin ba gudu zai yi ya bar mu ba."

Mai babur ya kashe injinsa. Mutane suka zazzauna a inuwa, wata mata ta kwance goyo ta ba shi nono, suka jira.